Yadda Muka Koyi Imel a Bakin Rami

Jama'a, ku taya ni jaje. Da Inna a bayana na faɗa rami. Ba dukan jikinmu ba, Allah ya kiyaye. Ƙafata ta dama ce ta zame daga kan katako ta nutse har gwiwa cikin baƙin ruwan kwata, ta hagu na kan tudu tana rawa, ni kuma na riƙe tsohuwa kamar mai riƙon tiren ƙwai. Inna ba ta yi ihu ba. Ta dai shaƙe mini wuya har numfashina ya sarƙe, sannan ta ce a kunnena, "Ɗan nan, in ka gaji da ni ka faɗa mini da baki. Ba sai ka zuba ni a kwata ba."

Ga yadda abin yake. Kwalbatin bakin layinmu ya rufta tun farkon damina, ranar da wata tifa cike da yashi ta bi ta kansa. Tun daga nan mota ba ta shiga layin, ba ta fita. Muka sa katako ɗaya siriri muna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya. Inna kuwa ƙafafu sun ƙi, duk mako sai an kai ta asibiti gashi, kuma kekenta na marasa lafiya bai iya bin katakon. Saboda haka ni nake goya ta, maƙwabcina Tela ya ɗauko keken a ka, mai tasi yana jiranmu a can tsallake yana danna hon kamar da gangan muke ɓata masa lokaci.

Ranar da na zame, da muka dawo daga asibiti ban canza wando ba. Na ce wannan wandon shi ne shaidata. Na rubuta kuka a takarda da hannuna, na nufi ofishin da aka ce shi ke kula da tituna da magudanan ruwa.

Ofis ne mai kyau, ban ɓoye muku ba. Akwai fanka, akwai labule, akwai kwamfuta an lulluɓe ta da ƙyalle kada ƙura ta dame ta. A kan teburin farko wani akawu yana yanke farce. Na yi sallama, na miƙa takarda da hannu biyu. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Baba, ai mun daina karɓar takarda," in ji shi. "Mun shiga zamani. Imel za ka turo."

Na ce, "Yallaɓai, ga ni, ga ka, ga kuma wandona. Wane imel ne zai fi wannan bayani?"

Ya leƙo ta saman tebur ya dubi wandon, ya toshe hanci. "To shi ma wandon ka ɗauki hotonsa ka haɗa."

Na nemi ganin Mai Girma Babban Mai Sauraren Kukan Talakawa, Allah ya ƙara masa faɗin kunne. Aka ce ba ya nan, yana wani otal mai nisa wajen taron bita, shi da manyan ma'aikatansa, ana koya musu yadda za su ƙara kusantar jama'a ta hanyar imel. Na ji daɗi ƙwarai. Mutum ya bar gari takanas don ya kusance ni, me ya fi wannan ƙauna? Akawu ya nuna mini wani allo a bango, na kwafi adireshin a tafin hannu, na kamo hanya ina tafe da hannu a buɗe kada gumi ya goge mini gwamnati.

Maiɗakina malamar makaranta ce, kuma imel a wajenta kamar ruwan sha ne. Ta zaunar da ni a kan tabarma, ta karɓi wayata, ta buɗe mini akwatin imel. Tela ya ji labari ya shigo da tef a wuya, ya ce shi ma a buɗe masa, domin kuka biyu ya fi kuka ɗaya ƙara. Daga nan makarantar imel ta fara a tsakar gidanmu, kuma abin da na koya ba zan yi muku rowarsa ba, don na san kowannenku yana da nasa ramin.

Abu na farko da ta hana mu shi ne gaisuwa a kan saƙo. Akwai wani ɗan gurbi a sama inda ake rubuta abin da saƙon ya ƙunsa. Tela ya cika nasa da "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan Yallaɓai yana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da mu." Ta goge tas.

"Maƙwabci," ta ce, "mai karantawa wannan layin kaɗai yake gani kafin ya yanke shawarar buɗewa. Ka faɗi abu, ka faɗi wuri, ka faɗi abin da kake so. Kwalbati ya rufta a layi kaza, ana neman gyara. Shike nan."

"Haba Malama, babban mutum ba gaisuwa?"

"Gaishe shi a ciki, layi ɗaya. In ka yi biyu ya gaji."

A cikin saƙon ma ta ce buƙata ta zo a farko, tarihi ya biyo baya in da hali. Ni da na so in faro daga shekarar da aka gina kwalbatin, da wanda ya yi kwangilar, da irin simintin da ya sa, sai aka bar ni da jimla huɗu. A ƙasa ta sa mini abin da ta kira sa hannu: sunana, layinmu, lambar wayata, wanda zai riƙa fitowa da kansa a ƙarshen duk saƙon da na rubuta. Ta ce don kada su ce sun so zuwa amma ba su san inda za su same ni ba. Ban san ta san su haka ba.

Muka tura. Kafin in ajiye waya saƙon ya dawo. Na yi tsalle na ce an amsa! Ta duba ta ce ba amsa ba ce, na'ura ce ke cewa babu mai wannan adireshin a duniya. Na koma ofis na sake duba allon, harafi bayan harafi, daidai na kwafa. Akawu ya ce, "Au, wancan ai mai fenti ne ya yi kuskure, ya ci harafi ɗaya. Kowa ya sani." Na ce, kowa wa? Ya ce duk ma'aikatan ofishin. Ga darasi kyauta: kafin ka zuba zuciyarka a saƙo, tura gajere na gwaji tukuna, ka ga ko ƙofar da kake bugawa akwai gida a bayanta.

Da muka sami adireshin gaskiya, sai saƙon ya sake dawowa, wai ya yi nauyi. Laifin Tela ne, ya ɗauki ramin hoto ta gabas da yamma, da safe da yamma, har da bidiyon agwagwa tana iyo a ciki. Maiɗakina ta ce hoto biyu sun isa, kuma a rage musu girma kafin a liƙa, wayar ma da kanta tana tambaya ko a rage. Ɗaya na nesa don a gane wurin, ɗaya na kusa don a ga zurfin. Na roƙa a sa na wando a matsayin na uku, aka yarda.

Wannan karon ya shiga. Nan take amsa ta zo: "Mun samu saƙonka. Kukanka yana da muhimmanci a gare mu. Ana kan aiki, a ƙara haƙuri." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Tunda nake ban taɓa jin an ce kukana yana da muhimmanci ba, ko a gidanmu. Na kai wa Inna na karanta mata. Ta ce, "Wa ya rubuto?" Maiɗakina ta ce ba kowa, na'ura ce aka saita ta riƙa faɗin haka ga duk wanda ya yi motsi. Inna ta ce, "To ku gaishe ta. Ta fi masu ita ladabi."

Muka zauna jira. Duk mako ina goyo, Tela yana dakon keke. Bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Abin da ya fi damuna ba bayan ba ne. Inna ce ta fara cewa a bar zuwa asibitin nan, ƙafar ta yi sauƙi, alhali ina ganin yadda take cije leɓe in za ta juya a gado. Kunyar goyon take ji. Mace da ta goya ni, yau ga ta a bayana a gaban yaran layi, zane yana tattarewa. Likita kuma ya gaya mini a gefe cewa in aka yi ta tsallake gashin, ƙafar za ta sandare gaba ɗaya.

Ranar da ta ƙi fita sam, raina ya ɓaci. Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Girma abin da ke cikina. Na ambaci motocinsa, na ambaci otal, na ambaci tumbinsa, wanda ban taɓa gani ba amma na tabbata akwai shi. Na danna turawa. Maiɗakina da ke tsaye a kaina ta fizge wayar ta danna wani abu da ya fito a ƙasa, saƙon ya dawo hannu kamar an kamo kaza a bakin ƙofa.

"Baban yara, wannan maɓallin janyewa ne. Daƙiƙu kaɗan yake ba ka. An yi shi ne saboda irinku."

Ta ce in zan yi rubutun fushi, in bar gurbin adireshi ba komai, in rubuta in more, in ajiye shi ya huce. In na dawo na karanta ban ji kunya ba, sai in sa adireshi. Na gwada. Ban taɓa dawowa na karanta ban ji kunya ba. Yanzu ina da tarin zagi a ajiye a waya wanda ya isa littafi, kuma babu wanda ya kama ni.

Maimakon zagi ta koya mana kwafi. Wato ka rubuta wa mutum, amma ka sa na sama da shi a layin da ke ƙasa, ya san ana kallonsa. Muka sa mataimakin Mai Girma, da mataimakin mataimakin, da mai ba shi shawara kan harkokin ramuka na musamman. Ta kuma ce a daina buɗe sabon saƙo kullum, a riƙa amsawa a kan tsohon, don zancen ya zama igiya ɗaya, duk wanda ya buɗe ya ga tun yaushe ake kuka. Har saita lokaci ta nuna mana: ka rubuta yanzu, ka ce wa waya ta tura gobe da farkon lokacin aiki, saƙonka ya zauna a saman tari. Dabara ce mai kyau a inda aka san farkon lokacin aiki. A ofishin nan mun gwada safe, ba su iso ba. Mun gwada rana, sun fita cin abinci. Mun gwada yamma, sun tashi.

Akwai kuma matata. Ba matata ba, matata, mai tace saƙonni. Kana gaya mata duk saƙon da ya fito daga wuri kaza ta ware shi gefe guda, kada ya ɓace cikin tallan takalmi da na maganin ƙiba. Na saita ta ta ware mini duk abin da ya fito daga ofishin tituna. Na kuma koyi leƙa kwandon tarkace lokaci-lokaci, don wani sa'in saƙon kirki yakan faɗa can. A can ne ma na tsinci saƙo mafi daɗi da aka taɓa turo mini. Mutumin ya ce shi jami'i ne na musamman, ya ga kukana, ransa ya sosu. Ya tambayi jikin Inna. Ya ce gobe-gobe za a turo ma'aikata, in dai turo masa kalmar sirrina don a tabbatar ni ne. Na fara rubutawa, maiɗakina ta buge mini hannu.

"Dubi adireshin da ya turo da shi, ba sunan da ya sa wa kansa ba. Ɗan damfara ne. Babu ofishin da ke neman kalmar sirrinka. Kuma kai ma ka yi tunani, yaushe suka taɓa cewa gobe-gobe?"

Gaskiyarta. Saurin amsar da tausayin su suka tona masa asiri. Amma ina so a rubuta a ajiye: a duk faɗin wannan lamari, ɓarawo ne kaɗai ya tambayi jikin mahaifiyata.

To, yanzu ga inda Tela ya shigo tarihi. Tunda ya ga na'urar ofis tana ba da haƙuri ba tare da kowa ya buɗe baki ba, hankalinsa ya tashi. Ya ce wannan ai shi aka yi wa. Shekara da shekaru yana ɓuya a bayan labule in masu ɗinki sun zo, ashe akwai injin da ke yin wannan aikin. Ya sa maiɗakina ta nuna masa wurin, ya saita tasa amsar da kansa: "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Aikinka ya kusa, saura maɓalli." Ta gargaɗe shi ya zaɓi a riƙa tura wa kowane mutum sau ɗaya tak. Ya ce sau ɗaya ba ya isar masu ɗinkinsa, ya bar ta a buɗe.

Ranar ƙarshen mako, dab da tashi aiki, ya tura wa ofis tuni game da kwalbati. Na'urar ofis ta ce masa ana kan aiki, a ƙara haƙuri. Na'urar Tela ta ce na gode ƙwarai, saura maɓalli. Ta ofis ta ji an yi magana, ta ce kukanka yana da muhimmanci. Ta Tela ta ce Allah ya saka da alheri. Haka suka kama, ba ci ba sha, har aka koma aiki. Gwanaye biyu na alƙawari sun haɗu, kowa ya ƙi bari ɗan'uwansa ya yi maganar ƙarshe. Wayar Tela ta yi zafi har ya ce zai iya guga da ita.

Muka tsorata. Tela ya rufe shago ya tafi wajen yayarsa, ya ce in an zo kama shi a ce ya yi tafiya. Ni kaina na fara tunanin wa zai goyi Inna in aka haɗa da ni.

Ba a kama kowa ba. Abin da ya faru ya fi haka. Da aka zo haɗa rahoton ƙarshen zango, sai aka ga ofishin tituna ya amsa saƙonni dubbai cikin ƙiftawar ido, kuma kusan duk saƙon da ya shigo daga jama'a da "na gode ƙwarai" ya fara. Aka ba Mai Girma lambar yabo ta ofishin da ya fi kowane sauraren talakawa. Na gan shi a talabijin, kuma tumbin yana nan yadda na zata. Ya ce wannan somin-taɓi ne. Ya ce zai je da kansa ya ga unguwar da ta fi kowace godiya.

Ya kuwa zo. Motoci sun yi layi tun daga babban titi, aka ƙone man da zai kai tifa goma ta kawo duwatsu. Suka tsaya cak a bakin rami, don ba hanya. Mai Girma ya sauko, aka riƙe masa lema, ya tsaya a tsallake yana ɗaga mana hannu, mu ma muna ɗaga masa daga namu tsallaken. Tela, da ya dawo da jin labarin yabo, aka nuna shi a matsayin ɗan ƙasa nagari, aka tafa masa. Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, ga ramin nan a gabanka!" Ya dubi ƙasa, ya gyaɗa kai irin na masu zurfin tunani, ya ce, "An turo mana a rubuce?" Na ce an turo. Ya ce, "Madalla. To yana hannu."

Ba su tafi haka ba, kada in yi musu ƙarya. Sun bar mana kyauta. Wani ƙaton allon ƙarfe, mai kauri, dogo ya fi ƙofar gareji, aka kafa a bakin ramin. A jiki ga hoton Mai Girma yana murmushi ya kara hannu a kunne, a ƙasa an rubuta: "Kana da kuka? Turo mana imel." Na duba adireshin. Mai fentin nan dai shi aka sake ba aikin.

Allon na ƙwarai ne, amma wanda ya kafa shi ya yi tsimin siminti yadda aka saba. Ruwan farko da aka yi da iska, muka ji ƙara kamar an jefar da tukwanen duniya. Da aka ɗauke muka fito, sai ga allo kwance a kife, rabinsa a kan ramin. Muka tsaya muna kallo, ni da Tela da mai askin layinmu da mai wankin mota. Mai aski ya taka gefensa da ƙafa ɗaya, ya ƙara ta biyu, ya yi ɗan tsalle. Ko motsi bai yi ba. Muka kama kusurwa huɗu muka ja shi ya haye ramin sosai, muka tokare da duwatsu.

Washegari na turo keken Inna tun daga ƙofar ɗakinta har bakin tasi, tana zaune, zanenta a gyare, jakarta a cinya. Da muka hau kan ƙarfen ta ce in tsaya. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta gaida matar mai aski da ke shanya, a nutse, kamar wadda ta fito shan iska. Sannan ta ce, "Tura, ɗan nan, kada mu makara." Ba ta ƙara cewa a bar zuwa asibiti ba. Mota dai har yau ba ta shiga layin, kuma duk safiyar farkon mako wayata tana tura tuni da kanta, na'urarsu tana ba ni haƙuri da kanta, ba mai ɓata wa wani rai.

An ɗan yi gardama wajen jan allon, ko a juya hoton sama ko a bar shi yadda ya faɗi. Mai wankin mota ya so a juya, wai don yara su san wanda ya yi musu gada. Tela ya ce a'a, ba tarbiyya ba ce a riƙa taka fuskar babban mutum da takalmi. Muka bar shi a kife. Don haka duk wanda ya ce muku Mai Girma bai damu da mu ba, ku ce ni na ce ƙarya ne. Ga shi can dare da rana, hannu a kunne, idonsa ƙur a kan matsalarmu.